Ƙofofin Kurfi a Tsibirin Sawakin

Wanda ya fara kawo mana labarin mahaifina wani alhaji ne mai sayar da gero a kasuwar Dutsin-Ma, wanda ya dawo daga gabas ta ƙasa. Ya ce ya ga Malam Isiyaku na Kurfi da idonsa a bakin teku, a wani gari da ake kira Sawakin, yana zaune yana kallon ruwa. Ya yi masa sallama, Malam ya amsa, amma bai gane alhajin ba. A lokacin Malam ya kusa shekara goma da barin gida da niyyar hajji. Ya bar ni ina yaro, ya bar makarantar allonsa a hannun ƙanensa. Mutanen gari sun daɗe da fid da rai, amma Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa yarda a yi mata zancen takaba ba. Maganar alhajin nan ce ta fitar da ni daga Kurfi, ana saura kaɗan a ba ƙasarmu mulkin kai.

A Abashe, cikin ƙasar Wadai, na fara sanin na bar gida. A tashar motocin garin wani mutum mai farar riga da doguwar tasbaha ya tare ni da Hausa garau. Ya ce sunansa Alhaji Sambo, aikinsa kai mahajjata bakin teku. Da na gaya masa abin da ya fito da ni, sai ya dafa ƙirji.

"Malam Isiyaku? Dogon nan mai saje? Ai tare muka sha shayi bara."

Mahaifina gajere ne, kuma ban taɓa ganinsa da saje ba. Amma na ce a raina, shekara goma tana canza mutum. Na miƙa masa takardar tafiyata da jakata, kamar yadda sauran matafiya suka miƙa, ya zuba mu a bayan wata babbar mota. Muka ratsa Jinaina, muka ratsa Fashir, muka kwana a Ubayyid. Ranar da motar ta tsaya ta ƙarshe, ba teku muka gani ba, gonakin auduga ne iyakar ganin ido, kusa da garin Madani. Alhaji Sambo ya ce mu sauka mu miƙe ƙafa, zai je ya sa a buga mana hatimi. Har yau bai dawo ba. Washegari muka gane ya riga ya shirya da mai gonar, mu ne leburorin da ya kawo masa.

Na yi kaka guda ina tsinkar auduga. Larabcin da na iya na littafi ne, idan na buɗe baki in nemi ruwa sai mutane su fashe da dariya, su kira 'yan'uwansu su zo su ji mai magana kamar liman a kan mumbari. Da rana ta take, farin audugar yakan ɗauke mini ido, in riƙa ganin duwatsun Kurfi suna tasowa daga ƙarshen gona, har in ji sautin daka daga bayan katangarmu. In na ƙifta ido sai su nutse.

Akwai wata tsohuwa a ƙauyen leburori, iyayenta Gobirawa ne da suka taho hajji da ƙafa, aka haife ta a hanya, ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba. Kullum da la'asar takan ajiye mini kisra, wata irin waina ce mai faɗi marar kauri, da miyar busasshiyar kuɓewa. Ba ta taɓa tambayar sunana ba. Tambayarta guda ce, kuma kullum sai ta maimaita.

"Ɗana, har yanzu ana yin ruwa a can gida?"

"Ana yi, Iya."

"Madalla," in ji ta, sai ta lumshe ido kamar a kanta yake zuba.

Ita ce ta haɗa ni da wani jikanta mai aikin jirgin ƙasa, ya saka ni a taragon buhuna. Jirgin ya hau tsaunuka baƙaƙe marasa ko ciyawa, ya sauko da mu wani fili mai zafi. A nan na fara ganin teku. Na ɗauka sama ce ta gaji ta sauko ta kwanta a ƙasa.

Sawakin gari biyu ne. Akwai na gaɓa, inda ake da kasuwa da bukkokin mahajjata da karantina, wato inda ake tsare mutane a yi musu allura kafin su hau jirgin ruwa. Akwai kuma tsohon birni a kan tsibiri, wanda wata siririyar hanya da aka cike a kan ruwa ta haɗa da gaɓa. Masu tsohon birnin sun daɗe da tashi, sun koma sabuwar tashar jiragen ruwa da aka gina a arewa, sun bar benayensu suna zubewa. Mutanen gaɓa ba sa son shiga. Sun ce kyanwoyin da ke ciki ba duka ne kyanwoyi ba.

Na bi bukkokin 'yan ƙasarmu ɗaya bayan ɗaya ina tambayar Malam Isiyaku, malami daga ƙasar Katsina. Ba wanda ya san shi. Mutanen bukkokin kowace shekara sababbi ne. Na koma ɗaukar ruwa a garwa ina sayarwa, ina kwana a rumfar kasuwa.

Wata safiya na kai ruwa wani shago kusa da karantina, na tarar da hayaniya. Mai shagon wani tsoho ne Bakibɗe, Kirista daga Masar, ana ce masa Usta Girgis. Shi ke ɗaukar mahajjata hoton fasfo da wani akwati mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle. Ya zaunar da wani dattijo Bafillace a gaban akwatin, amma duk sanda ya cusa kansa cikin ƙyallen sai dattijon ya zabura ya miƙe. Na ajiye garwa na ce, "Baffa, ba abin da zai fito daga ciki. Ka kalli wancan idon gilashin kamar kana hango shanunka daga nesa." Dattijon ya zauna, fuskarsa ta kwanta, aka ɗauka.

Usta ya fito da kansa daga ƙyalle ya dube ni. "Me ka ce masa?"

Na fassara masa da Larabcina na littafi. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ajiye garwar nan. Daga yau kai ne bakina."

Ya ba ni wurin kwana a bayan shago, ya koya mini wanke hoto a ɗakin duhu mai jar fitila. Ranar da na fara ganin fuskar mutum tana tasowa a hankali daga farar takarda a cikin ruwan magani, sai da na ja da baya na yi a'uziyya. Usta ya yi ta dariya har da tari. Mutum ne mai faɗa, amma da azumi ya zo bai taɓa kunna taba a gabana ba.

Da jiragen mahajjata suka tafi, kasuwa ta mutu, sai wani aiki ya zo. Jikokin masu tsohon birni sun aiko suna son hotunan gidajen kakanninsu kafin su gama rushewa. Usta yana da ciwon ƙafa, ya daɗe rabonsa da tsibirin. Ya ɗauko wata ƙaramar kyamara da ake rataya a wuya, wadda ake leƙa gilashinta ta sama kamar mai leƙa rijiya. Ya nuna mini yadda ake juya ta har abu ya fito sarai.

"Ka tafi da sassafe, lokacin da rana ke shafar bango ta gefe," ya ce. "Kada ka yi sauri. Gidan da ya yi shekara ɗari a tsaye ba ya son mai gaggawa. Kuma kada ka hau matakala, za ta rufta da kai."

Haka na fara shiga tsibirin. Ban taɓa ganin gari irinsa ba, kuma ban sake gani ba. Benaye ne farare, hawa uku, wasu huɗu, an gina su da dutsen cikin teku. In ka matsa kusa da bango sai ka ga sawun ƙananan halittun ruwa a jikin dutsen, kamar zanen lalle. Tagogin katako masu ido-ido sun turo kai bisa titi, wasu sun karkace suna rataye da ƙusa guda. Lungunan matsattsu ne, duk wanda ka bi sai ya kai ka ga ruwa. Ba kukan jariri, ba hayaƙin girki, ba sallama. Sai shirwa tana shawagi, da ƙarar ƙasa tana zuba daga wani rufi can ciki, da kyanwoyi a kan dakali suna bin ka da ido kamar masu unguwa.

A cikin gilashin kyamarar komai yakan ƙanƙance ya yi haske, dama ta koma hagu. In na sunkuya ina leƙawa, sai in ga kamar garin na gaske yana cikin akwatin, wanda nake tsaye a ciki kuwa mafarkinsa ne. Na ɗauki wani gida da gabansa ya zube gaba ɗaya, ɗakunansa suna buɗe kamar saƙar zuma, da shuɗin fenti a bangon wani ɗaki na sama inda wata amarya ta taɓa zama. Na ɗauki ƙofar gidan kwastan mai zakoki biyu na dutse. Na ɗauki hasumiyar masallaci da inuwarta kwance a kan tarin duwatsu. Wani lokaci nakan manta da abin da ya kawo ni ƙasar, in zauna a wani soro har azahar ina kallon haske yana tafiya a kan daɓe.

Wata rana na shiga wani lungu da ban taɓa bi ba, ta yammacin tsibirin. Na saita kyamara a kan wata ƙofa mai sassaƙa, sai na ga rubutun gawayi a kan farin bangon gefenta. A gilashi ya fito a juye, ban iya karantawa ba. Na ɗago kai. Ajami ne, da hannun ƙasarmu, mai ɗigon fa a ƙasa. An rubuta: gidan Sarkin Maƙera.

Na tsaya ina kallo. Na matsa ƙofa ta gaba. Gidan Liman. Ta gaba da ita, gidan Goggo mai ƙosai. Haka gidajen suke jere a unguwarmu a Kurfi, ba a tsallake ko ɗaya ba. Kuma na san hannun. Shi ne ya rubuta mini allona na fari.

Daga nan ban ƙara duba bango ba. Na bi ƙafata kamar an aike ni da yamma ina komawa gida. Bayan gidan Liman a karya dama. A wuce rijiya, ga kuwa wani rami da aka kewaye da duwatsu. A wuce gidan wanzamai. A ƙarshen lungun, inda ya kamata in ga durumin ƙofar gidanmu, akwai wani dogon bene da rufinsa ya tafi, ƙofarsa a buɗe. Na yi sallama.

"Wa alaikumus salam. Shigo daga ciki."

Yana zaune a kan buzu a cikin soron, kyanwoyi uku a gefensa. Ya tsufa fiye da shekarunsa, gashinsa fari fat, fatarsa ta ƙone. Amma zamansa bai canza ba, ƙafa ɗaya a naɗe, ɗaya a tsaye, hannu a kan gwiwa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni da fara'a irin wadda ake yi wa baƙo.

"Maraba, maraba. Daga ina aka hito?"

"Daga Kurfi, Malam."

"To ai nan ne Kurfi, samari. Wace unguwa?"

Na matsa kusa da shi. Na ce, "Malam, ni ne Tanko." Sunan da yake kirana ke nan, don bayan mata aka haife ni.

Ya yi murmushi. "Ashe takwaran yarona ne. Nawa ƙarami ne, bai kai ka ba. Ya tahi kai wa uwarsa itace, yanzu za ya dawo. Zauna ka jira shi, ku gaisa."

Na zauna. Muka jira tare har inuwa ta juya.

Labarin abin da ya same shi a bakin Amna na ji shi, wata mata ce daga makiyayan raƙuman tsaunukan nan, mai sayar da gahawa a bakin hanyar tsibiri. Kullum ina wuce ta ban taɓa tsayawa ba. Ita da mutanen kasuwa Fakin Tsibiri suke ce masa, faki kuwa shi ne malam a harshensu, amma ba su san sunansa ba. Ni malami nake ta nema, su kuwa tsoho mai taɓin hankali suka sani.

Ta ce da ya iso Sawakin an ce sai da hoto za a ba shi takardar hawa jirgi, shi kuwa ya ce ba zai yarda a ɗauki surarsa ba. Wani mai kwalekwale ya ce zai tsallakar da su ba takarda, shi da wasu irinsa. Ya yi ta yawo da su a kan ruwa, sannan ya sauke su a wata gaɓa can kudu, ya nuna musu tsaunuka ya ce Makka tana bayansu. Ashe ba su ko bar wannan ɓangaren tekun ba. Suka shiga daji da harami a jikinsu, ba ruwa. 'Yan'uwan Amna masu kiwo suka tsince shi a ƙarƙashin wata ƙaya, shi kaɗai ya rage da rai. Da zazzaɓin da ya kama shi ya sake shi, sai ya tashi ya shiga tsibiri, ya ce ya dawo gida.

"Ke kike kai masa abinci duk shekarun nan?" na tambaye ta.

Ta zuba mini gahawa mai citta a ɗan ƙaramin kofi. "To wa zai kai masa?" ta ce, ta ci gaba da fifita wuta.

Daga ranar, yawona ya zama na mutum biyu. Malam ya ce tunda ni baƙo ne, wajibi ne ya nuna mini gari. Yana gaba da sandarsa, ina biye da kyamara. Ya nuna gidan kwastan mai zakoki ya ce gidan hakimi ne, mu rage murya. Ya tsaya a bakin ruwa ya girgiza kai ya ce, "Ka ga fadamar Tamawa bana? Ban taɓa ganin ta cika haka ba. Allah ya sa dawa ta tsira." Hanyar da ta nufi gaɓa ita ce hanyar Dutsin-Ma, ranar kasuwa yakan tsaya yana jiran ya ga jakunan mutanen ƙauyen Dabawa sun ɓullo. A kowace ƙofa sai ya ɗaga murya ya yi gaisuwa, ya ɗan saurara, ya gyaɗa kai, ya wuce. Wasu daga cikin waɗanda yake gaisarwa ni na halarci jana'izarsu. Ban gaya masa ba. Gaskiya ma, bayan 'yan makonni ni kaina na fara jin kamar ana amsawa daga ciki.

Da farko ba ya kallon abin da ke rataye a wuyana. Wata safiya sai ya ce in ba shi ya leƙa. Ya sunkuya ya daɗe. Wata kyanwa ta ratsa titi, ya gan ta tana tafiya a cikin gilashi, ya yi dariya irin wadda ban taɓa jin ya yi ba ko a gida.

"Wannan ai kamar ruwa ne a ƙwarya," ya ce. "Abin da ke sama shi ke ciki."

Lokacin hajji ya sake gabatowa. Usta ya ce ya san wani ma'aikaci da zai taimaka a yi mana sabuwar takarda ni da Malam, in akwai hoto. Na ce ni gida nake so in kai shi. Usta ya ce, "Ka fara kai shi inda ya nufa. Mutum ya ga teku shekara goma bai tsallaka ba, ka juya da shi?" Na ga gaskiyarsa. Amma da na yi wa Malam zancen zama gaban akwati, fuskarsa ta rufe, ya juya mini baya, yini guda bai yi mini magana ba. Sau da yawa ina riƙe da kyamara yana kusa da ni, haske ya faɗa masa a fuska daidai, yatsana yana kan maɓalli. Ban iya dannawa ba. An riga an yaudare shi sau ɗaya a bakin ruwan nan.

Da na gama wanke hotunan unguwar yamma, na kai masa ya gani kafin a aika wa masu su. Na jera su a kan buzu. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa yana faɗin sunan mai kowane gida. Da ya zo kan hoton ƙofarsa sai ya tsaya. Ƙofa ce a buɗe, da duhu a ciki, da kyanwa a kan dakali.

"Ina mai gidan?" ya ce.

"Yana ciki, Malam."

"A'a. Duk wanda ya ga wannan cewa za ya yi gidan ya mutu. In uwar Tanko ta gani hankalinta za ya tashi." Ya turo mini hoton. "Ka sake. Ka sa ni a ƙofa."

Na ce, "Malam, ba zan ɓoye maka ba. In aka ɗauka, da shi za a yi maka takardar jirgi zuwa Makka."

Ya ɗago ya dube ni, idonsa ya yi wani tsabta da ban gani ba tun zuwana. "Jirgin gaske?"

"Na gaske, mai hayaƙi. Tare za mu shiga."

Ya daɗe yana shafa kan wata kyanwa. Sannan ya ce, "To a kira mai akwatin."

Washegari Usta Girgis ya tsallaka zuwa tsibiri a kan jaki, yana zagin jakin, da ƙafarsa mai ciwo, da duk wanda ya gina hanyar, ni ina ɗauke da akwati a ka. Amna ta rufe gahawarta ta biyo mu, ita ta riƙe farin zane a bayan Malam. Ya naɗa rawaninsa da kansa, ya zauna a kan dakali, ya gyara riga. Usta ya saita komai, sannan ya ɗaga baƙin ƙyallen ya ce mini, "Shiga. Naka ne." A cikin duhun na ga mahaifina a gilashi, kansa a ƙasa, ƙafafunsa a sama, yana kallona kai tsaye ba ya ƙiftawa. Sai da na goge idona kafin in iya ɗauka.

Ranar tafiya ya bi ƙofofin nan duka ya yi musu sallama. A bakin hanya ya ce wa Amna, "Ki kula da gari." Ta ce to, ta ja mayafi ta rufe fuska. Usta ya cusa mini wani ƙunshi na hotuna a ƙirji, ya ce in ɓace masa da gani kafin jirgi ya tafi ya bar masa ni.

A kan jirgi, bayan sallar asuba, muna zaune cikin harami a jikin ƙarfen gefe, gari yana wayewa a kan ruwa. Ba gaɓa a gaba, ba gaɓa a baya. Na fara tilawa a hankali. Na zo wata aya da ke kama da wata a wata sura, na zarce cikin waccan ban sani ba. Sai na ji yatsu biyu sun kama kunnena sun murɗa.

"Tanko! Sau nawa zan gyara maka wurin nan?"

Na juyo. Hannunsa yana kan kunnena. Ya dube ni, ya dubi gemuna, ya dubi faɗin kafaɗata. Yatsunsa suka saki, suka sauko kan kumatuna.

"Yaushe ka girma haka?" ya ce. "Ina uwarka?"

"Tana gida, Malam. Tana jiranka."

"Na daɗe ko?"

"Ka ɗan daɗe."

Ya riƙe hannuna, muka yi kuka a gaban mutane ba kunya. Ya tambayi ƙanensa, ya tambayi makaranta, ya tambayi ko an gyara rufin soro. Na amsa masa duka. Kafin rana ta take sai na ga abin yana janyewa daga idonsa kamar ruwa a yashi. Da aka hango Jidda ya taɓa ni ya ce, "Samari, in ka riga ni sauka, ka duba mini yarona."

Mun yi hajji. Na riƙe hannunsa a ɗawafi, bai yi kuskure ko ɗaya ba a addu'o'insa. Komowa ta ɗauke mu watanni, mota bayan mota, har wata ranar kasuwa muka sauka a Dutsin-Ma, wani mai jaki ya ɗora shi zuwa Kurfi. Labari ya riga mu. Unguwa ta cika, amma ya ratsa mutane yana kallon gidajen ƙasa kamar bai taɓa ganinsu ba, ya tambaye ni a hankali inda ruwan da ya cika fadama ya tafi.

Inna tana tsaye a tsakar gida. Ta tsufa ita ma. Malam ya tsaya daga nesa, ya sunkuyar da kai, ya gaishe ta da ladabi irin na baƙon da ya shigo gidan mutane. Na matsa kusa da ita, na fara yi mata bayani da ƙaramar murya, ina neman kalmar da ba za ta yi mata ciwo ba.

"Inna, sai haƙuri. Bai gane ki ba."

Ba ta ɗauke ido daga kansa ba. Ta miƙa hannu ta ɗauko buta.

"Bar shi," ta ce. "Ni na gane shi. Matsa in ba shi ruwa."